Ba a San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare: Darajar Hoton Ƙasa na Baƙi da Fari



A wurin yawancin jama'armu, hoton baƙi da fari abu biyu yake nufi. Ko dai tsohon hoto ne na zamanin kakanni, irin wanda ake cirowa daga ƙasan adaka, ko kuma wani ne ya rasu aka cire wa hotonsa launi aka ɗora a Facebook da addu'a a ƙarƙashi. Idan kuwa aka nuna wa mutum hoton da babu kowa a ciki, daga dutse sai gajimare sai bishiya, tambayarsa ta farko ita ce, "To ina mai hoton?" Ta biyu kuma, "Me ya hana a yi shi mai kala?"

Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne, hoton ƙasa na baƙi da fari, idan gwani ne ya ɗauka, aikin fasaha ne cikakke da ya cancanci a tsaya a kalle shi a natse, a rataye shi a falo, a kuma biya mai shi kuɗin gwanintarsa, kamar yadda ake biyan maɗinkin da ya yi wa babbar riga aikin hannu. Domin maganar ta tsaya da ƙafarta, za mu kafa hujja da aikin mutumin da duniya ta fi sani a wannan fage, wato Ansel Adams na ƙasar Amurka.

An haifi Adams a birnin San Faransisko a 1902, ya rasu a 1984. Tun yana yaro kiɗan fiyano ya koya, kuma da shi ya so ya ci abinci. A 1916 iyayensa suka kai shi kwarin Yosemiti da ke jihar Kalifoniya, wuri mai manyan duwatsu da ruwa mai gangarowa daga sama, suka ba shi 'yar ƙaramar kyamarar Kodak. Daga nan bai daina komawa wannan kwari ba har ƙarshen rayuwarsa. Abin lura shi ne, fim mai kala na Kodachrome ya shiga kasuwa tun 1935, lokacin Adams yana tsakiyar ƙarfinsa, kuma ya yi amfani da mai kalar a ayyukan da kamfanoni suka ba shi. Amma hotunan da ya sa wa hannu a matsayin fasaharsa, waɗanda suka yi masa suna, na baƙi da fari ne. Ke nan da saninsa ya zaɓa, alhali yana da halin yin ɗayan.

Me ya sa mai hankali zai ajiye launi da gangan? Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Launi shi ne miyar hoto. Idan rana za ta faɗi sama ta yi ja, ko yaro ya ɗaga waya ya danna, hoton zai yi daɗin gani, domin jan ne yake ɗauke da shi. Ka cire wannan ja, sai ka ga abin da ya rage: daga ina haske ya zo, ina inuwa ta kwanta, wane ɓangare ne mai kaushi, wane ne mai santsi, yaya tudu ya zauna kusa da kwari. Idan waɗannan ba su tsaru ba, hoton ya mutu, babu abin da zai rufa masa asiri. Idan sun tsaru, mai kallo zai ga abin da launi yake ɓoye masa kullum. Kowa ya san ganye kore ne, ba ya bukatar hoto ya gaya masa. Abin da bai taɓa lura da shi ba shi ne yadda hasken safiya ke bin gefen kowane reshe, kuma wannan ne baƙi da fari yake fitowa da shi fili.

Idonmu ma ya daɗe da sanin wannan irin kyau, sunansa kawai ne ba mu sa ba. Ku dubi babbar riga ta farar shadda da aka yi wa aska takwas da farin zare. Fari ne a kan fari, amma duk wanda ya san riga zai tsaya ya duba, saboda tudun zaren yana kama haske yana jefa 'yar inuwa, zanen ya fito. Ku dubi zanen da magina ke yi a fuskar soron ƙasa a Zariya ko Kano kafin a shafa masa fenti: da tsakar rana kusan ba ka ganinsa, amma da la'asar sakaliya, idan rana ta buge shi ta gefe, sai ya tashi kamar yanzu aka yi. Haka zayyanar allo da baƙar tawada, haka sassaƙar ƙwarya. Al'ummar da ta san darajar waɗannan ba ta da dalilin raina hoto don ba shi da kala.

Wani zai ce, ai maɗinki da magini hannunsu ne ya yi aikin, shi kuwa mai hoto na'ura ce ta yi masa, danna maɓalli kawai ya yi. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma a Turai da Amurka ma an daɗe ana yin ta. Amsarta tana cikin yadda Adams ya yi aikinsa.

A 1927, yana ɗan shekara 25, ya hau wani tsauni ɗauke da babbar kyamara mai ƙafa uku da faranten gilashi da ake ɗaukar hoto a kansu a lokacin, don ya ɗauki fuskar dutsen Half Dome, wanda ya tashi sama da mita 1,400 daga ƙasan kwarin. Da ya isa inda yake so, faranti biyu suka rage masa. Ya ɗauki na farko da gilashi mai ruwan ɗorawa a bakin kyamara, kamar yadda aka saba. Nan take ya gane cewa hoton zai fito daidai da yadda wurin yake, amma ba zai ɗauki kwarjinin da dutsen ya yi masa ba. Sai ya canza zuwa jan gilashi mai duhu, wanda ke tare shuɗin haske, ya ɗauki na ƙarshe. Sama ta fito kusan baƙa ƙirin, dutsen ya tsaya a gabanta da nauyinsa, dusar ƙanƙara tana walƙiya a gefe. Na'ura ba ta san kwarjini ba. Mutum ne ya ga hoton a zuciyarsa tukuna, sannan ya nemi hanyar da zai sa na'urar ta bi shi.

Wajen 1940, shi da wani malamin hoto mai suna Fred Archer suka tsara wannan ilimi ya zama abin koyarwa. Sun raba tazarar da ke tsakanin baƙi ƙirin da fari fat zuwa matakai 11, daga 0 zuwa 10, kowane mataki haskensa ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Kafin mai hoto ya danna, sai ya yanke shawarar matakin da inuwar dutse za ta zauna da matakin da gajimare zai zauna, ya kuma san tsawon lokacin da zai bar fim a ruwan magani don hakan ta tabbata. Saboda haka kiran hoton da baƙi da fari ma taƙaitawa ce. Yawancin aikin yana cikin launin toka iri-iri da ke tsakani.

Hotonsa da ya fi shahara shi ne wanda ya sa wa suna "Moonrise, Hernandez", wato fitowar wata a ƙauyen Hernandez da ke jihar New Mexico. Ranar 1 ga Nuwamba, 1941, yana tuƙi da yamma tare da ɗansa da wani abokinsa, sai ya hango ƙauyen a gefen hanya: ƙananan gidajen ƙasa, coci, maƙabarta mai fararen gicciye da hasken rana mai faɗuwa ya buga, can baya duwatsu masu dusar ƙanƙara, a sama kuma wata ya fito. Ya tsaya ya kafa kyamara cikin gaggawa, aka nemi ma'aunin haske aka rasa. Da yake ya haddace ƙarfin hasken wata, da ka ya yi lissafin ya ɗauka. Kafin ya shirya ɗaukar na biyu, rana ta sauka, hasken ya bar maƙabartar. Guda ɗaya tak ya samu. Mai cewa sa'a ce sai ya tuna cewa motoci da yawa sun bi wannan hanya a wannan yammaci. Wanda ya shekara 25 yana nazarin haske shi ne ya san abin da ya gani, ya kuma san abin yi cikin 'yan daƙiƙu.

Ɗauka ma rabin aikin ne. Sauran rabin yana ɗakin duhu inda ake wanke hoto. A nan ake haska fim ɗin a kan takarda, kuma duk inda haske ya daɗe a takardar, wurin ya fi yin baƙi. Sai mai wankin ya riƙa tare hasken da hannunsa ko da ɗan kwali a wani ɓangare, ya ƙara shi a wani ɓangaren, yana ƙirga daƙiƙu. Adams ya wanke wannan hoto na Hernandez fiye da sau 1,300 a tsawon shekaru, kuma ba su zama iri ɗaya ba. A na farko-farko sama tana da haske da ɗan gajimare a warwatse. A na baya-baya ya mayar da ita baƙa, wata ya rage shi kaɗai a cikinta. Da yake makaɗi ne, yakan kwatanta fim da rubutacciyar waƙa, wankin kuma da rera ta. Mu ma mun san haka: waƙa ɗaya ce, amma yadda mawaƙi ya rera ta yana saurayi daban ne da yadda zai rera ta da furfura.

Sannu a hankali duniya ta yarda. A 1932 Adams da abokan sana'arsa irin su Edward Weston da Imogen Cunningham suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa hoto ya tsaya a matsayinsa na hoto, garau, ya daina kwaikwayon zanen fenti don neman a karɓe shi. A 1940 babban gidan baje kolin fasahar zamani na birnin New York ya buɗe sashen hoto, da hannun Adams a ciki. A 1977 hotonsa na duwatsun Teton da kogin Snake, wanda ya ɗauka a 1942, yana cikin hotuna fiye da ɗari da aka saka a faifan da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya. A watan Disamba na 2020 an sayar da babban wankin wannan hoto a gwanjon Sotheby's kan dala 988,000. Kuɗi ba shi ne ma'aunin kyau ba, amma yana nuna cewa masu sayen zanen manyan gwanaye sun daina ware hoto gefe.

Sai tambayar da ta fi damun mai neman na cefane: mene ne amfaninsa? A 1938 Adams ya fitar da littafin hotunan tsaunukan Sierra Nevada. Littafin ya isa hannun Harold Ickes, sakataren harkokin cikin gida na Amurka, shi kuma ya kai wa Shugaba Roosevelt. A 1940 aka ayyana yankin Kings Canyon a matsayin gandun daji na ƙasa, kuma ana lissafa waɗannan hotuna cikin abubuwan da suka taimaka. Kafin shi, hotunan da Carleton Watkins ya ɗauka a Yosemiti a 1861 sun taimaka wajen dokar da Shugaba Lincoln ya sa wa hannu a 1864 ta kare kwarin. 'Yan majalisar da ba su taɓa taka wurin ba sun ga hoto sun yarda cewa akwai abin da bai kamata a bari a lalata ba. Gani ya kori ji.

A zamaninmu, Sebastião Salgado na ƙasar Brazil, wanda ya rasu a 2025, ya bi wannan hanya. Masanin tattalin arziki ne da ya koma ɗaukar hoto, ya kuma yi aiki a yankin Sahel lokacin farin 1984 da 1985. Daga baya ya shafe kusan shekara takwas yana zagaya hamada da dazuzzuka da ƙasashen ƙanƙara, ya fitar da littafin "Genesis" a 2013, dukkansa baƙi da fari. Shi da matarsa Lélia sun kafa cibiyar Instituto Terra a 1998 a gonar iyayensa da ta zama fako, aka dasa itatuwa sama da miliyan biyu, daji ya dawo. Wanda ya koyi kallon ƙasa da kyau, da wuya ya zuba ido ana kashe ta.

Adalci ne mu faɗi inda masu suka suke da gaskiya. An zargi Adams da ɗaukar duwatsu a lokacin da duniya ke cikin yaƙi da yunwa. An kuma ce hotunansa suna nuna Yosemiti kamar wurin da ɗan Adam bai taɓa zama ba, alhali akwai 'yan asalin wurin da aka far wa da bindiga aka kora a 1851. Magana ta biyun tana da nauyi, domin hoton da ya cire mutane yana iya taimakawa a manta da su. Ta farkon kuwa ba ta cika ba, tunda a 1943 Adams ya je sansanin Manzanar, inda gwamnatin Amurka ta tsare 'yan ƙasarta masu asalin Japan, ya ɗauki rayuwarsu ya wallafa a 1944, abin da ya jawo masa baƙin jini a wurin wasu. Darasin da muka ɗauka shi ne, hoton ƙasa ba dole ne ya zama babu alamar mutum ba. Hoton Hernandez kansa gidaje ne da kaburbura. Kunyar gona, turbar shanu, bakin rijiya da guga ya cinye, kwalekwale a bakin ruwa, duk ƙasa ce da hannun mutum a jikinta.

Ga wanda yake son ya fara jin daɗin irin wannan hoto, shawararmu mai sauƙi ce. Ka ba shi minti biyu cur, kada ka wuce shi da yatsa kamar sauran. Ka fara neman wuri mafi haske da wuri mafi duhu, domin a nan mai hoton yake son idonka ya sauka. Ka leƙa cikin inuwa ka ga ko akwai abin da ake iya gani, ko kuwa baƙi ne kawai ya toshe. Ka duba fari ko yana da jiki, ko ya ƙone ya zama takarda zalla. Ka tambayi kanka daga wane gefe rana take, kuma me ya sa aka yanke hoton a nan ba a ƙara gaba ba. Idan da hali ka gan shi a takarda, domin fuskar waya tana haɗiye rabin tokar da aka sha wahala a kanta.

Wannan ya kawo mu gida. A falukanmu akwai hoton aure, hoton maigida da wani babba, kalandar banki. Da wuya ka ga hoton garin da aka baro, ko na garin da ake zaune. Alhali hoton dutse da kogi da bishiya shi ne wanda jumhurin malamai ba su ga laifin rataye shi ba, tunda ba hoton mai ruhi ba ne. Ƙasar kuma ba jiran mu take yi ba. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tsohon garin Bussa ya shige ƙarƙashin ruwa. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari ya cinye mafi yawansa. Badalar Kano kullum raguwa take yi, kuka da rimi da suka girmi kakanninmu suna komawa itacen girki. Yaran da aka haifa a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, da me za a nuna musu yadda wuraren nan suke?

Ba mu rasa masu ido ba. J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya da ya rasu a 2014, ya ɗauki kitson matan ƙasar nan da baƙi da fari tun daga 1968, aka baje aikinsa a babban bikin fasaha na Venis a 2013. Ana bikin hotunan Afirka a Bamako tun 1994, ana yin LagosPhoto tun 2010. A cikin matasanmu akwai masu kyamarori masu tsada, amma biki da suna kaɗai ke kawo musu kuɗi, don haka can suke ƙarewa. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mai sana'a abin da ake saye yake yi.

Don haka muna kira ga matasa masu kyamara, har da masu waya, su ware rana ɗaya a wata su fita don ƙasa kawai. A saita na'urar a baƙi da fari tun kafin ɗauka, don ido ya saba da neman haske. A fita bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar, lokacin da inuwa ke da tsawo. Kada a raina hazon hunturu, domin yana jera tuddai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin tokarsa. Wanda ke kudu yana da Dutsen Olumo a Abeokuta da tsaunukan Idanre a Ondo da bakin ruwan Legas. Wanda ya je gida hutu yana da Dala da Kufena da duwatsun Jos da tuddan rairayi na Yusufari. A koma wuri ɗaya sau da yawa, kamar yadda Adams ya yi ta komawa kwarinsa. A rubuta sunan wuri da kwanan wata, a wanke mafi kyau a takarda mai kyau, a sa hannu.

Masu hali kuma, attajiranmu da masu otal da ofis da makaranta, muna roƙon ku saya. Wanda zai iya kashe kuɗi a kan labule da kujeru zai iya sayen hoto ɗaya na ƙasar da ta haife shi daga hannun ɗan'uwansa, ya sa masa firam, ba tare da ya ce "ai hoto ne kawai" lokacin ciniki ba. Ranar da yaro ya ga an biya shi don hoton kuka, ranar zai fara ɗaukar kukar da muhimmanci, mu ma da muke wucewa ta gabanta kullum za mu fara ganin ta.

Allah Ya ba mu idon ganin ni'imomin da Ya shimfiɗa mana, Ya kuma ba mu ikon kiyaye su. Amin.